Anki idan jarrabawa ta matso: abin da yake yi da inda yake gazawa

Anki manhaja ce ta katunan tambaya da amsa da Damien Elmes ya fitar a 2006. A kwamfuta da wayar Android kyauta ce, ta iPhone kuwa sai an biya. Katin da ka tuna za ta jinkirta dawo maka da shi, wanda ka manta ta maido shi bayan 'yan mintoci. Ga ɗalibin da ya rage masa wata guda kafin JAMB ko jarrabawar ƙarshen zango, tana da amfani ƙwarai, amma ba da saitin da ta zo da shi ba.

Saitin asali sabbin katuna 20 ne a rana, bita kuma ba ta wuce 200. Mai katuna 600 da kwana 30 zai ga kamar lissafi ya yi daidai, alhali katunan ƙarshe zai gamu da su ne ana gobe jarrabawa, sau ɗaya tak. Gara a gama sabbin cikin kwana 20, wato 30 a rana, sauran goman a bar wa bita. A sani fa, bita takan kai kusan ninki goma na sabbin katuna, don haka a ɗaga iyakar 200 ɗin nan, in ba haka ba manhajar za ta ɓoye katunan da lokacinsu ya yi. Tazara mafi tsawo kafin kati ya dawo ma a rage ta zuwa kwana 10, kada kati ya tafi sai bayan an tashi daga ɗakin jarrabawa.

Kuskuren da ya fi cin ɗalibai shi ne danna maɓallin Hard (wato an tuna da ƙyar) alhali sun manta amsar. Manhajar na ɗaukar Hard a matsayin an tuna, sai ta tsawaita tazarar, musamman a FSRS, tsarin lissafin tazara da aka saka mata a 2023. Ka manta? Danna maɓallin Again (wato a maimaita) kawai. Katin da ya faɗi sau 8 kuwa za ta yi masa alama, kuma galibi an cusa masa bayani ne da yawa. A raba shi gida biyu ko uku.

Idan mako ɗaya ya rage, tazarar ba ta da filin yin aikinta. Sai a buɗe Custom Study, sashen bita ta musamman, a bi katunan da aka fi mantawa. Lissafi da rubutun insha'i kam ba a koyon su da kati, tsofaffin tambayoyi ne maganinsu.