Keycloak a ƙofar rumbun bayanai: ya cancanci wahalarsa

Kamfanonin hajji da umara na Makka da Jidda suna tara kwafin fasfo, iƙama (takardar izinin zama) da imel na shekaru a rumbun adana bayanai. Zulhajji na wucewa, ma'aikatan wucin gadi sai su watse. Wa zai bi manhaja shida yana rufe asusun kowa? A nan mabuɗi ɗaya na shiga yake da amfani, kuma Keycloak, manhajar da ke tantance masu shiga, ya iya wannan aiki. Kyauta ne, Red Hat ce ta fara shi a 2014, yana jin SAML 2.0 da OpenID Connect, ƙa'idojin da manhajoji ke miƙa wa juna shaidar mai shiga da su, yana kuma ɗauko sunayen ma'aikata daga Active Directory, kundin asusun ma'aikata na Microsoft.

Haɗawar ba ta da tsawo. A ɗora shi kan PostgreSQL, manhajar da zai ajiye bayanansa a ciki, kada a bar shi a yanayin gwaji. A haɗa shi da Active Directory ta LDAPS, hanyar karanta kundin a asirce, tashar 636. Sannan a buɗe wa rumbun rajistar SAML a cikin Keycloak: Client ID, sunan da aka ba rumbun a can, ya zama daidai da Entity ID, sunan da rumbun ke kiran kansa da shi, harafi da harafi. Ɗigo ɗaya ya bambanta, ƙofa ba za ta buɗe ba.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne NameID, alamar da rumbun ke gane kowane ma'aikaci da ita. Da yawa suna saka adireshin imel don shi ne mai sauƙi. To ranar da aka gyara rubutun sunan ma'aikaci, Muhammad ya koma Mohammed don ya dace da iƙamarsa, imel ɗinsa ma ya canza, rumbun zai ɗauke shi baƙo, ya buɗe masa akwati babu komai, tsofaffin takardunsa su zama marayu. A yi amfani da lambar da ba ta canzawa, wato objectGUID na Active Directory, tun ranar farko. Gyara daga baya jidali ne.

Sai agogo. Shaidar SAML gajeren wa'adi gare ta, saboda haka idan agogon sabar Keycloak da na sabar rumbun suka saɓa da 'yan mintuna sai a ƙi kowa. A ɗaura su kan NTP guda, wato sabar daidaita agogo.

Aibin Keycloak: saƙon kuskurensa a taƙaice yake, dole sai an leƙa kundin sabar, kuma sabbin siga suna fitowa a kai a kai, suna buƙatar mai kula. Duk da haka, tunda dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki a Satumban 2023, sanin wanda ya buɗe fasfon alhaji ya ƙara muhimmanci. A kunna tantancewa mai mataki biyu, a kuma ajiye asusun gaggawa ɗaya a rumbun kansa don ranar da Keycloak zai tsaya.