Scarlett Solo: na'urar da na fara naɗar waƙoƙina da ita

Duk mawaƙin da ya saba waƙa a gaban jama'a ya san yadda taro ke rufa asiri. Ga tafi, ga hayaniya, ga lasifika na ruri, ko murya ta ɗan zame ba mai lura. Amma ranar da ka zauna naɗar waƙar da ka rubuta da hannunka, kai da muryarka ne kawai. A wannan gaɓar na sayi Scarlett Solo, samfurin 2019, na kamfanin Focusrite da ke Ingila, wanda Rupert Neve ya kafa a 1985.

Ɗan ƙaramin akwati ne ja na ƙarfe, aikinsa haɗa makirufo da gita da kwamfuta. Ba ya buƙatar wuta ta daban, wayar USB ɗin da ta haɗa shi da kwamfuta ita ke ba shi. A gaba akwai kafa biyu, ɗaya ta makirufo, ɗaya ta gita, kowace da maɓallin ƙara ƙarfinta. Ga wanda ke rera waƙa yana kaɗa gitarsa, wannan ya wadatar.

Abin da ya fi burge ni shi ne zoben hasken da ke kewaye da maɓallan nan. Yana kore muddin sautin na shiga daidai, ya koma ja da zarar ya yi yawa har zai fashe. Mu da muka taso a dandali mun saba da ɗaga murya don na baya su ji, musamman wajen amshi. Zoben nan ne ya koya mini in ja da baya kaɗan idan zan ɗaga, in matso idan baitin na raɗa ne. Ido na kan haske, kunne na kan waƙa, a hankali har jiki ya saba.

Sai maɓallin sauraro kai tsaye. Idan murya ta shiga kwamfuta ta dawo kunne, akan samu ɗan jinkiri, kuma wannan jinkirin ya isa ya fitar da mutum daga kari. Da ka danna maɓallin, muryar za ta zo maka nan take. Da shi na fara jin numfashina tsakanin baiti da baiti, na gane wani layin da na rubuta ya yi tsawon da ba zai reru da numfashi ɗaya ba. Na koma na rage kalmomi, waƙar ta fi daɗi. Ban yi zaton na'ura za ta taɓa rubutuna ba, sai ga shi.

Akwai wuta mai volt 48 don makirufo irin na situdiyo, da maɓallin Air mai ƙara wa murya haske, ko da yake ni nakan kashe shi a waƙoƙi masu sanyi. Akwatin yana ɗaukar sauti har 24-bit da 192 kHz, wato ma'aunin ingancin naɗi, amma 48 kHz ya ishe ni. Yana kuma zuwa da manhajar naɗar sauti ta Ableton Live Lite, wadda ke ba ka damar haɗa sauti 8 daban-daban a waƙa ɗaya.

Abu ɗaya da ya kamata mai saye ya sani: na'urar ba ta gyara ɗaki. Makirufo mai kaifin ji zai kwaso ƙarar fanka da amsa-kuwwar bango. Ni labule mai kauri da bargo na rataya a bayana, sautin ya natsu sosai.

Idan ku biyu ne masu rerawa, ko kana son sa wa gita makirufo nata, Solo ba zai ishe ka ba tunda kafar makirufonsa ɗaya ce. Nemi yayansa, Scarlett 2i2, mai ɗaukar makirufo biyu a lokaci guda.