Rauta mai eriya huɗu, sai da na kunna STBC na ga amfaninta

Wallahi satin farko da na kawo rautar nan, wato na'urar da ke rarraba intanet ta Wi-Fi, raina a ɓace yake, don dama abin da ya sa na saye ta shi ne ɗakin da nake aiki, bango biyu ne tsakaninsa da inda take, kuma tsohuwar laftof ɗina da zarar na shiga kiran bidiyo sai hoto ya daskare, murya ta riƙa yankewa, mutum na magana kana jin rabin kalma. Na ga eriya huɗu a jikin kwali an rubuta MIMO da manyan baƙaƙe, wato fasahar aikawa da karɓar sigina ta eriya da yawa lokaci guda, na ce shi ke nan matsala ta ƙare. Ina! Na jona, na mimmiƙe eriyoyin, kiran farko ko minti biyar bai kai ba ya katse, ga ɗalibaina suna jira, sau uku ina sake shiga ina ba su haƙuri. Ranar har na mayar da ita cikin kwalinta.

Wani abokina da ya karanci sadarwa ne ya ce kar in yi gaggawa, in shiga saitin Wi-Fi can ciki in nemo wani abu STBC, wata dabara ta tura saƙo ta eriya fiye da ɗaya don kada ya ɓace a hanya. Na samu a kashe yake. Na kunna, na sake tayar da rautar, na koma ɗakin, a kan teburin nan dai, na yi kiran kusan awa ɗaya bai yanke ba ko sau ɗaya. Sai da na tashi na leƙa ko wani ya matso da ita kusa.

Yadda ya bayyana min, sigina na bugun bango ya dawo ta hanyoyi daban-daban, a wani gurin sai su kashe juna, kuma laftof ɗina eriya ɗaya gare ta don haka in hanyar ta mutu ta mutu ke nan. Dabarar da STBC ke amfani da ita, wadda wani injiniya Siavash Alamouti ya fitar a 1998, ita ce eriya biyu su tura gutsuren saƙo biyu lokaci guda, a zagaye na gaba su yi musanya tare da juya su ta lissafi, sai kowane gutsure ya bi hanyoyi biyu, kuma da wuya duka biyun su raunana tare. Ko mai karɓa eriyarsa ɗaya ce zai iya warware su. Gaskiya abin ya burge ni sosai.

Amma fa har yanzu in na tuna sai haushi ya dawo. Abin da ke cikin tsarin Wi-Fi mai suna 802.11n tun 2009, me ya sa za a ɓoye shi a kashe, ɗan littafin da ke cikin kwali ko ambatonsa bai yi ba? Sannan gudun saukar da fayil a laftof ɗin bai wani ƙaru ba, katsewa kawai aka magance, ita ma wayata eriya biyu gare ta, layin saƙo biyu kawai take iya ja lokaci guda komai yawan eriyar rautar, kuma babu inda suka faɗa wa mai saye wannan. A zanguna biyu da rautar ke watsa sigina kuwa, na 5 GHz ko ƙofar ɗakin ba ya ƙarasowa da ƙarfi, a kan na 2.4 GHz nake zaune har yau.