Supervisor: Manhajar da Ta Raba Mu da Dogaro da Fayil ɗin PID

Duk wanda yake kula da sabar Linux, wato kwamfutar da ke gudanar da manhajoji domin wasu a kan tsarin Linux, ya san cewa kowane aiki da ke gudana a cikinta yana da lambar da tsarin ya ba shi, wadda ake kira PID, kuma da wannan lamba ake nemo aikin, a tsayar da shi, ko a kashe shi. Tsohuwar dabarar masu rubuta umarnin sabar ita ce aikin ya rubuta lambarsa a wani ƙaramin fayil da zarar ya tashi. Kowane harshen rubuta umarni yana da hanyarsa: mai amfani da Bash yana samun lambar da alamar $$, mai PHP da getmypid, mai Python kuma da os.getpid. Idan wani sabon aiki irinsa zai tashi, sai ya fara duba fayil ɗin, ya tambayi tsarin da umarnin kill -0 ko mai wannan lamba yana raye, in yana raye ya janye. Wannan dabarar ce muka bari muka koma ga manhajar Supervisor.

A ofishinmu da ke kusa da Terminus a nan Jos muna kula da manhajojin wasu makarantu masu zaman kansu, kuma aikin da ya fi buƙatar sa ido shi ne wanda ke tura wa iyaye saƙon waya game da kuɗin makaranta da sakamakon jarrabawa. Idan ya tashi sau biyu a lokaci guda, uba ɗaya zai samu saƙo biyu, kuɗin saƙonni kuma ya tafi a banza. Idan bai tashi ba gaba ɗaya, shugaban makaranta ne zai fara kira tun da sassafe. Sanyin Jos yana taimaka wa injin, amma ba ya hana ɗaukewar wuta, kuma a ranar da batirin inbata ya ƙare cikin dare, sabar takan mutu ba tare da aikin ya samu damar share fayil ɗinsa ba.

A nan ne raunin tsohuwar dabarar yake, domin lambar PID ba mallakar kowa ba ce har abada. Kamar katin lambar da masu gadi ke ba mai shiga ma'aikata take, da ya fita a miƙa wa na bayansa. Linux ya daɗe yana tsayawa a 32768 kafin ya koma ƙananan lambobi, ko da yake a injuna masu bit 64 ana iya ɗaga iyakar zuwa 4194304, kuma duk lokacin da aka sake kunna inji ƙirga yana farawa ne daga ƙasa. Saboda haka lambar da ta rage a fayil tun jiya tana iya zama ta rumbun bayanai a yau. Aikin tura saƙo zai ga lambar a raye ya ƙi tashi, umarnin tsayarwa kuma zai iya kashe abin da ba shi aka nufa ba. Ajiye fayil ɗin a ma'ajiyar wucin gadi ta /run yana rage matsalar tunda ana share wurin a kowane kunnawa, amma ba ya maganin aikin da ya faɗi da rana tsaka.

Supervisor manhaja ce ta kyauta da aka rubuta da Python, tana aiki a Linux da sauran dangin Unix, ba ta aiki a Windows. Abin da ya sa na yarda da ita shi ne ba ta tambayar fayil komai. Ita ce ke tayar da aikin da kanta, ta zama uwa gare shi a idon tsarin, don haka lambar da take riƙe da ita daga tushe ta samo ta, kuma da zarar aikin ya mutu tsarin ne yake sanar da ita. A Ubuntu, wani nau'in Linux, ana rubuta wa kowane aiki ɗan fayil a /etc/supervisor/conf.d, a faɗi umarnin da za a gudanar, da sunan mai amfani, da adadin kwafin da ake so ta hanyar numprocs. Idan aka buga supervisorctl status, sai ka ga layi guda ga kowane aiki: sunansa, halin da yake ciki, lambarsa, da tsawon lokacin da ya yi yana gudana. Ganin wannan layi kaɗai ya isa a amsa wa shugaban makaranta ba tare da kame-kame ba.

Yadda take tsayar da aiki ma ya kwanta mini a rai. Tana fara aika siginar TERM, mai neman aiki ya tsaya, domin aikin ya kammala saƙon da ke hannunsa, ta jira daƙiƙa 10, sai in ya ƙi ta yi amfani da KILL, siginar da ke kashe shi da ƙarfi. Aikin da ke faɗuwa tun a farkon tashinsa kuwa, bayan ta sake gwada shi sau 3 takan ajiye shi a matsayin FATAL, wato wanda ya gaza tashi, maimakon ta yi ta juyi da shi har ya cinye ƙarfin injin.

Tana da wuraren da dole a yi hattara da su. Aikin da ya saba komawa bayan fage da kansa, wato ya rabu da wanda ya tayar da shi ya ci gaba da gudana shi kaɗai, bai dace da ita ba, domin za ta ɗauka ya mutu ta sake tayar da wani, wato a koma gidan jiya. Wajibi ne a gudanar da shi ba tare da ya koma bayan fage ba. Haka nan idan rubutun umarni ya haifi wasu ayyuka, siginar tana isa ga babban ne kawai, ƙananan su ci gaba da gudana ba mai kula da su, sai an kunna stopasgroup da killasgroup, saituna biyu da ke sa siginar ta isa ga babban da ƙananan duka. A ganina bai kamata a bar waɗannan biyu a kashe tun daga farko ba, ganin yawan masu tayar da ayyukansu ta cikin Bash. Akwai kuma shafin sarrafawa da aka saba buɗewa a ƙofar sadarwa (port) ta 9001, wanda ba na ba kowa shawarar buɗe shi ga intanet.

Wanda ya ƙware a systemd, manhajar da ke tayar da ayyuka da kula da su a yawancin nau'o'in Linux, zai iya cewa ba ya buƙatarta, kuma yana da hujja, tunda systemd yana bin sawun dukkan 'ya'yan aiki ta hanyar cgroups, wato yadda Linux ke haɗa ayyuka a rukuni guda. Sai dai matasan da ke zuwa koyon aiki wurinmu sun fi saurin fahimtar fayil ɗin Supervisor, kuma ana iya ba su damar tsayar da ayyukan manhaja ba tare da an damƙa musu ikon sabar baki ɗaya ba. Ayyukan da cron, manhajar gudanar da aiki a lokacin da aka tsara, ke tayarwa lokaci-lokaci, irin su kwafe bayanai da dare, ba hurumin Supervisor ba ne. Waɗannan muna sa musu umarnin flock -n a gaba, wanda ke kulle wani fayil ya hana kwafi na biyu tashi, domin makullinsa a hannun tsarin yake, kuma yana sakin sa da zarar aikin ya mutu, ko ta wace hanya ya mutu.