Wata huɗu ina shan man sea buckthorn: abin da ya yi mini da abin da bai yi ba

Bushewar ido ce ta kai ni ga man sea buckthorn. Aikina na lissafi ne, a gaban kwamfuta nake wuni, har ta kai da zarar la'asar ta yi sai in ji kamar an watsa mini yashi a ido. Ga raɗaɗi, ga ja, wani lokacin hawaye su yi ta zuba ba tare da sun kawo wani sanyi ba. Likitan ido ya duba ya ce hawayena ne ke saurin bushewa. Ya rubuta mini maganin ɗigawa, ya ce in riƙa ɗauke kai daga allo duk bayan minti 20. Na samu sauƙi, amma bai kai yadda nake so ba. Da na koma na tambaye shi game da man da nake ta ganin tallarsa, sai ya ce, "Malama, in dai ba kya shan maganin tsinka jini, gwada ki gani. Amma kada ki ajiye na ɗigawar saboda shi."

Kafin in saya sai da na nemi sanin ko mene ne. Wata ƙaramar bishiya ce mai ƙaya ta ƙasashen sanyi, ganyenta siriri mai ruwan toka, 'ya'yanta ƙanana ruwan goro, a manne suke da reshe cunkus har ba a ganin itacen. Tana fitowa a Sin, Mongoliya, Saberiya ta Rasha, tsaunukan Himalaya kamar yankin Ladak na Indiya, da bakin teku a arewacin Turai. Sunanta na kimiyya Hippophae rhamnoides, kuma kalmar farkon daga Girkanci take, ma'anarta doki mai sheƙi, domin an ce mutanen dā suna ba dawakai ganyenta don jikinsu ya yi ƙyalli. Masu maganin gargajiya na Tibet da Mongoliya sun daɗe suna ba da ita don tari da ciwon ciki, a Rasha kuma man nata sananne ne a kantin magani, ana shafa shi a ƙuna, ana sha don gyambon ciki. Tsinkarta wahala ce saboda ƙaya da laushin 'ya'yan, shi ya sa manoma da yawa ke yanke reshen gaba ɗaya su daskarar da shi, sannan su karkaɗe.

A sayen farko na yi kuskure, kuma ba laifina kaɗai ba ne. Wanda ya sayar mini ya rubuta a tallarsa cewa man cike yake da bitamin C, ya ninka na lemu. Gaskiya ne 'ya'yan suna da bitamin C mai yawa, sukan ninka lemu sau da dama, irin ƙasar Sin ma ya fi na Turai. Amma bitamin C a ruwa yake narkewa, ba ya bin mai. Duk wanda ya sayi kwalbar man yana neman bitamin C, to ba ya ciki, yana can cikin ruwan 'ya'yan da aka tace aka ware. Wannan ya ɓata mini rai, domin mutum marar lafiya da ya fitar da kuɗinsa ya cancanci a gaya masa gaskiyar abin da ke cikin kwalba.

Abu na biyu da ban sani ba sai daga baya shi ne mai iri biyu ake samu daga 'ya'yan nan, kuma ba ɗaya ba ne. Na ƙwallon ciki ruwan ɗorawa ne, tsararo, yana da nau'o'in kitsen da ake kira omega-3 da omega-6. Na tsokar 'ya'yan kuwa ja ne wur, mai kauri, shi ke ɗauke da omega-7 da ake ta yayatawa, wanda yakan kai kusan kashi ɗaya cikin uku na man, tare da sinadarin karotin mai ba karas launinsa. Kwalbata ta farko ba ta faɗi wanne ne a ciki ba sam. Na ajiye ta na nemi kafso wanda ya bayyana ƙarara cewa haɗin biyun ne, ya kuma rubuta yawan miligiram a kowace ƙwaya.

Dalilin da ya sa na nace a kan haɗin shi ne wani bincike da aka yi a Jami'ar Turku ta ƙasar Finlan, aka wallafa a 2010. An ɗauki mutum 100 masu fama da bushewar ido, aka ba wasu giram 2 na man a kullum tsawon wata uku, aka ba sauran kafson da ba shi a ciki. Lokacin shigowar sanyi ne, sa'adda hawayen masu wannan larura ke ƙara gishiri. Waɗanda suka sha man nasu bai ƙaru kamar na sauran ba, kuma sun ɗan fi samun sauƙin ja da raɗaɗi. Bambancin ba wani babba ba ne. Na bi wannan awon, giram 1 da safe, giram 1 da dare, tare da abinci.

Mako uku na farko ban ji komai ba in ban da gyatsa mai ƙamshin man, wadda ta daina da na koma haɗiyarsa a tsakiyar cin abinci. Wajen mako na shida ne na lura da wani abu. Kwalbar maganin ɗigawa da ke gefen kwamfutata, wadda nake ɗauka sau biyar ko shida a wuni, wata rana na tashi aiki na tuna sau biyu kawai na taɓa ta. Har yanzu nakan ji yashin nan in na daɗe a ƙarƙashin fanka, amma jan da nake gani a madubi da yamma ya ragu sosai, leɓɓana ma sun daina tsagewa. Ina sane da cewa a wannan lokacin na ƙara kiyaye hutun ido da shan ruwa, don haka ba zan ɗora wa man dukkan yabon ba. Abin da na tabbatar shi ne da kafson ya ƙare na yi kwana goma sha biyu babu, raɗaɗin ya fara dawowa.

Shafawa kuwa sai da dabara. Daren farko na ɗiga jan man a tafin hannu na shafa a fuska kai tsaye. Da safe rigar filona fara ta yi taswira ruwan goro, wanki uku bai fitar da ita duka ba. Yanzu ɗigo biyu nake haɗawa da man shafawata, in jira ya shiga jiki kafin in kwanta. A busasshiyar fata, musamman gwiwar hannu da bayan tafi, ya yi mini aiki mai kyau, laushin na kaiwa washegari. Ƙurajen fuska da tabon da aka ce yana gogewa, ni dai nawa suna nan yadda suke.

Na gwada ruwan 'ya'yan ma, tsantsarsa marar sukari. In ya zauna a kwalba yakan rabu kashi uku, maiƙo a sama, ruwa a tsakiya, guggubi a ƙasa, sai an girgiza. Tsaminsa ya wuce yadda na zata, har haƙora ke mutuwa. Cokali biyu a kofin ruwa da ɗan zuma shi ne yadda na iya sha, kuma kada ruwan ya zama tafasasshe, zafi na lalata bitamin C. An ce yana hana mura. A wata na uku mura ta kama ni kamar kowa. Wannan ma masu binciken Turku sun gwada, aka wallafa a 2008, mutum 254, giram 28 na markaɗaɗɗen 'ya'yan a kullum tsawon kwana 90, ba su ga raguwar mura ba, sai dai wani ma'aunin kumburi a jini da ake kira CRP ya ɗan sauka.

Inda na fi so mai karatu ya tsaya shi ne nan. Mahaifiyata ta ga sauƙin da na samu, ta ce, "Ke, ba ni irin naki mana, ni ma idon nan ya dame ni." Har na buɗe kwalbar sai maganar likita ta faɗo mini. Na ce, "Mama, ki bari mu tambaya tukuna, kina shan asfirin kullum." Muka tambayi likitanta, ya ce a'a, domin man na iya rage saurin daskarewar jini, ga shi tana shan maganin hawan jini, man kuma yana iya ƙara saukar da hawan jinin. Ya ƙara da cewa mai shan wafarin (maganin tsinka jini), mai maganin ciwon sukari, mai juna biyu da mai shayarwa duk su nemi shawara kafin su fara, wanda za a yi wa tiyata kuma ya daina sha mako biyu kafin ranar. Ba ko ɗaya daga cikin waɗannan da aka rubuta a jikin kwalbar farko da na saya. Masu cewa man yana maganin ciwon daji (kansa) ko ciwon sukari har mutum ya ajiye maganin asibiti, suna wasa da rayukan mutane ne.

Zan sake sayen kafson haɗin nan, domin idona ya amfana, kuma ƙaramar kwalbar jan man tana nan a firji don fata. Ruwan 'ya'yan ba zan sake saya ba, lemu da nake sha kullum ya ishe ni bitamin C. Wata mai zuwa zan koma wurin likitan ido ya sake auna hawayen, mu ga ko abin da nake ji ya bayyana a gwaji.