Geely ko BYD: Wa Ya Fi Kafa Tubali Mai Ƙarfi?

Geely da BYD kamfanonin ƙera motoci ne na China, amma duk su biyun ba da mota suka fara ba. Li Shufu ya kafa Geely a 1986 a Taizhou yana ƙera kayan firji, ya koma babura, sai a 1998 motarsa ta farko ta fito. Shi kuwa Wang Chuanfu, wanda ya kafa BYD, masanin sinadarai ne, batirin wayar salula ya fara yi a Shenzhen a 1995.

Daga nan hanya ta rabu. Geely saye ya sa a gaba. A 2010 ya karɓi Volvo daga hannun Ford, ya kuma bar injiniyoyin Sweden a Gothenburg suna aikinsu yana koyo a wurinsu. Daga baya ya sayi kaso a kamfanonin motoci na Lotus da Proton.

BYD kuwa da hannunsa yake yin kusan komai. Ya sayi ƙaramin kamfanin motoci na Qinchuan a 2003, amma batiri ne ƙashin bayansa. A 2020 ya nuna yadda ake soke batirinsa na Blade da ƙusa, bai kama wuta ba, ko hayaƙi bai yi ba. A 2022 ya daina ƙera motar da fetur kaɗai ke tafiyar da ita, kuma a 2024 ya sayar da motoci sama da miliyan 4.

Ni dai hankalina ya fi kwanciya da BYD, domin batirin da yake jan motarsa a masana'antarsa ake yin sa.