Jekyll, Hugo ko Eleventy: wanne ya dace da shafin ƙungiyarku?

Idan ƙungiyar masu rubuta manhaja ta tashi buɗe shafin da mambobi za su riƙa zuba rubuce-rubucensu, galibi gwanin cikinsu ake bar wa zaɓi, shi kuwa sai ya ɗauko abin da hannunsa ya saba da shi. Ni a ganina wanda ya kamata a duba shi ne ɗalibin da ke fama da tsohuwar kwamfuta mai Windows, yana lissafin data, wuta kuma sai an ga dama. In shi ya iya tura rubutu, kowa ma zai iya.

Jekyll, Hugo da Eleventy duka manhajojin gina shafin intanet ne, kuma aikinsu ɗaya ne. Ka yi rubutu da Markdown, wato rubutu zalla mai 'yan alamomi na nuna take da sauran tsari, su mayar maka da shi shafukan HTML tsayayyu, ba wani rumbun bayanai irin na WordPress da za a yi ta gadinsa.

Jekyll shi ne dattijonsu. Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, dandalin da masu manhaja ke ajiye ayyukansu, ya fito da shi a 2008 da harshen Ruby. Babbar fa'idarsa ita ce GitHub Pages, sashen GitHub mai ɗora shafuka a intanet, na gina shafin da kansa, kyauta in ma'ajiyarku a buɗe take ga kowa. Mamba na iya buɗe GitHub ko a waya, ya ƙara fayil a cikin foldar _posts da suna irin 2025-03-15-taronmu.md, ya tura, wani ya duba kafin a haɗe. Amma a kula, in ya manta kwanan watan nan a sunan fayil, rubutun ba zai fito ba. Wahalarsa tana wajen dasa Ruby a Windows, domin su kansu masu Jekyll ba su sa Windows cikin tsarin da suke tallafa wa a hukumance ba.

Hugo kuwa, wanda Steve Francia ya fara a 2013 da harshen Go, fayil ɗaya tak za ka sauke. Ka buga umarnin hugo server, ka buɗe adireshin localhost:1313 a burauzarka, kana gyara kana ganin canjin nan take. Ɗaruruwan shafuka cikin daƙiƙu kaɗan yake gina su. Inda yake ba da ciwon kai shi ne tsara fasalin shafi, don salon rubutunsa na Go sai an zauna an koya. Sai dai wannan aikin mutum ɗaya ne ko biyu, kuma sau ɗaya ake yinsa. A GitHub Pages za ku haɗa shi da GitHub Actions don ya riƙa gina muku shafin, ko ku kai shi wasu masu ɗora shafuka irin su Netlify ko Cloudflare Pages.

Eleventy na Zach Leatherman ya dace ne in yawancinku 'yan JavaScript ne, amma sai kowa ya dasa Node.js, manhajar da ke tafiyar da JavaScript a kwamfuta, ya jira npm, mai sauko da kayan haɗi, ya gama kwaso kayansa.

In ni aka tambaya, Hugo zan ce, sai fa in mambobinku ta waya za su fi rubutu kuma ba mai lokacin kula da shafin, to ku tsaya a Jekyll. Ko wanne kuka ɗauka, ku yanke tun farko cewa ɗ, ƙ da ɓ su zauna a cikin rubutu da take, sunan fayil da adireshi kuwa a rubuta su da d, k da b, don kada adireshin ya rikiɗe ya koma tarin alamomin % in an tura shi a WhatsApp.